Bashin da aka soke ya dawo: fashin baƙi kan ƙaurar teburin ma'amala daga wannan rumbun bayanai zuwa wancan

Wata Alhamis da kaka, bayan la'asar, kawuna ya dawo daga kasuwar Maigatari ya same ni a zaure, kwamfuta a cinya, waya a jone da ita saboda intanet. Ko ruwa bai sha ba ya zaro wata takarda daga aljihun gaba ya miƙo min. "Ɗan nan, tun da kai ne kake aikin na'urarsu, duba min. Taki buhu huɗu na karɓa da damina. Yau na kai riɗi, yaron awo ya ce takwas ake bi na." Na ce, "Kawu, ku zauna tukuna, yanzu zan duba muku." Ina buɗe lissafinsa na ga layi biyu iri ɗaya sak: rana ɗaya, ƙauye ɗaya, buhu huɗu sau biyu. Da na faɗaɗa binciken, sai ga duk wanda ya karɓi taki a rabon wannan ranar bashinsa ya ninka.

Kamfanin da nake yi wa aiki yana ba manoma taki da iri bashi da damina, su biya da riɗi ko zoɓo da kaka. Ba wanda ya saci ko ƙwayar taki a wannan lamari, kuma yaron awo abin da allon wayarsa ya nuna masa ya faɗa. Matsalar ta samo asali ne watanni kafin nan, ranar da muka kwashe teburin bashi, wato jadawalin da ke ɗauke da bashin kowane manomi, daga tsohon gungun kwamfutocinmu zuwa sabo, kuma ina cikin waɗanda suka yi aikin. Shi ya sa nake so in warware wannan batu dalla-dalla, don matasanmu da ke shiga harkar bayanai suna ƙaruwa, kuma wannan rami ba ya nuna kansa sai an faɗa.

Rumbun bayanai, kamar yadda sunan ya nuna, wurin tara lissafi ne mai yawan da kwamfuta ɗaya ba za ta ɗauka ba. Sai a haɗa kwamfutoci da yawa su yi aiki tamkar guda, shi ne gungu. Manhajar da muke amfani da ita, Apache Hive, a Facebook aka fara gina ta, daga baya ta koma hannun gidauniyar Apache. Tana zaune ne a kan Hadoop, wanda ke da nasa tsarin ajiyar fayil mai suna HDFS, inda ake yanka babban fayil gunduwa-gunduwa a rarraba a kan kwamfutocin gungun. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, tebur a Hive abu biyu ne a wuri biyu. Akwai fayilolin da ke ɗauke da layukan bayanai, suna cikin folda a HDFS. Akwai kuma rajista, wadda ake kira Metastore, ita ce ta san sunan teburin, da ginshiƙansa, da ɓangarorin da aka raba shi, da inda foldarsa take. Hatsi yana cikin rumbu, amma littafin da ya ce na wane ne, buhu nawa ne, yana hannun magatakarda.

Tebur na yau da kullum, wanda zuba masa kawai ake yi a karanta, ƙaurarsa ba wuya. Tun zubi na 0.8, wato fitowar manhajar mai wannan lamba, Hive take da umarni biyu don haka. EXPORT yana kwafe fayilolin zuwa wata folda, ya ajiye wani ƙaramin fayil mai suna _metadata a gefensu, wanda ke ɗauke da bayanin siffar teburin. Sai a ɗauki foldar da DistCp, manhajar Hadoop ta kwafe manyan kaya tsakanin gungu da gungu. A can kuma IMPORT ya karanta _metadata, ya gina teburin, ya shigar da shi rajista. Wasu ma ba sa bi ta EXPORT ɗin: su kwafe foldar kai tsaye, su rubuta umarnin gina tebur da hannu, su sa umarnin MSCK REPAIR TABLE ya gano ɓangarorin. Yana yi, kuma mun yi haka sau da dama lafiya lau. Wannan sabo da muka yi ne ya kai mu.

Teburin ma'amala, wato wanda kowane rubutu a cikinsa ake ɗaukarsa aiki guda cikakke, wani abu ne daban. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS aka cire masa kuɗi a asusu amma takarda ta fito da cewa bai yi ba, ya san zafin aikin da ya tsaya a rabi. Masana sun daɗe da tsara alkawura huɗu da ya kamata ma'amala ta cika, waɗanda Theo Härder da Andreas Reuter suka taƙaita da haruffan ACID a 1983: aiki ya shiga duka ko kada ya shiga sam, kada ya karya ƙa'idar lissafin, masu aiki a lokaci guda kada su ga rabin aikin juna, abin da aka tabbatar kuma kada ya ɓace ko wuta ta ɗauke. Hive ta fara kawo wannan a 2014, a zubi na 0.13, sannan 0.14 ya zo da damar gyara layi da goge shi. Sharaɗin cikakken teburin ma'amala shi ne a ajiye shi a tsarin fayil na ORC.

To amma akwai cikas. HDFS ba ta yarda a buɗe tsakiyar fayil a goge kalma a rubuta wata ba. Abin da aka rubuta ya rubutu. Yaya za a gyara layi ke nan?

Dabarar da aka yi, duk wanda ya zauna da mai shagon da ke ba da bashi a ƙauye zai gane ta. A ce akwai babban littafi da aka rubuta da tawada, ba a kankare shi. Idan Malam wane ya ƙara karɓar mudu biyu, sai a rubuta a 'yar takarda, a sa mata lamba, a soke ta a ƙusa. Idan ya biya, wata 'yar takardar ce za a rubuta mai cewa a cire layi kaza. Mai son sanin gaskiyar bashin yau sai ya karanta babban littafi, sannan ya bi takardun ƙusa ɗaya bayan ɗaya bisa lambobinsu. Haka foldar teburin ma'amala take idan ka leƙa cikinta. Za ka ga folda mai suna kamar base_0000040, ita ce babban littafi, ta ƙunshi komai har zuwa rubutu na 40. Za ka ga delta_0000041_0000041 da 'yan'uwanta, su ne takardun ƙusa. Daga Hive 3, wanda ya fito a 2018, an ware takardun gogewa a foldarsu ta daban mai suna delete_delta, kuma gyaran layi ya zama aiki biyu: a goge tsoho, a shigar da sabo. Kowane layi yana da ɓoyayyiyar shaida mai lamba uku, wato lambar rubutun da ya haife shi, da lambar bokitin da yake ciki (fayil ɗin da layin ya faɗa), da lambarsa a jeri. Takardar gogewa ba ta cewa "a cire bashin wane", wannan shaidar kawai take ambata.

Takardu in sun taru karatu yana nauyi, don haka akwai aikin dunƙulewa. Ƙaramar dunƙulewa tana haɗa takardun ƙusa da yawa su zama ɗaya. Babbar kuwa tana sake rubuta sabon littafi gaba ɗaya, sannan mai shara ya zo ya kwashe tsofaffin. Idan an kunna mai lura da wannan aiki, bisa saitin asali yakan tashi ƙarama idan foldojin delta sun haura 10, babba kuma idan girmansu ya kai kashi 10 cikin 100 na babban littafin. Kafin lokacin, duk abin da aka taɓa rubutawa yana nan kwance a folda.

A nan gizo ke saƙa. Ba kowace takarda da ke kan ƙusa ce halastacciya ba. Wata an fara rubuta ta aka fasa. Wata ana kan rubuta ta yanzu. Idan ka ɗauki takardar ka duba gaba da baya, ba abin da zai nuna maka matsayinta. Wannan sanin yana cikin rajista. Ita ce ke ba kowace ma'amala lamba, ita ce ke riƙe da jerin waɗanda ke buɗe da waɗanda aka soke. Ma'amala tana aiki tana aika wa rajista alamar cewa tana raye, idan alamar ta yanke na daƙiƙa 300, bisa saitin asali, sai rajista ta rubuta ta cikin sokakku. Duk mai karatu da ya zo, kafin ya taɓa fayil sai rajista ta ba shi 'yar takardar izini: karanta har zuwa lamba kaza, ka tsallake kaza da kaza. Da wannan ne kowa ke ganin hoto guda tsayayye, ko da mutum goma suna rubutu a lokacin.

Abin da ya faru da mu ke nan. Ranar rabon takin, an fara loda jerin sunayen, aikin ya mutu a hanya bayan ya riga ya rubuta fayilolinsa. Rajista ta soke shi, yadda ya dace. Aka sake lodawa, ya shiga. A tsohon gungu lissafi daidai yake, buhu huɗu, domin rajistarsa ta san cewa takarda ta farko matacciya ce. Kwanaki kaɗan bayan haka, dunƙulewa ba ta riga ta share ta ba, muka kwashe foldar ɗungurungum da DistCp, muka gina tebur mai siffa iri ɗaya a sabon gungu. Sabuwar rajista ba ta taɓa jin labarin wannan sokewar ba. A zubin da muke kai lokacin, lambar da ke jikin delta lambar ma'amala ce ta gungun gaba ɗaya, kuma lissafin sabon gungu ya riga ya wuce waɗannan lambobin. Da ta ga lamba a ƙasa da inda ta kai, ba ta cikin jerin buɗaɗɗu, ba ta cikin sokakku, sai ta ɗauke ta tabbatacciya. Matacciyar takarda ta tashi, ta zauna kusa da rayayyiya, kuma ba wani jan rubutu da ya fito ya gargaɗe mu.

A Hive 3 kuskuren yakan zo ta wata fuskar. Can kowane tebur yana da nasa jerin lambobin rubutu, sabon tebur kuma daga farko yake fara ƙirga. Ka zuba masa foldojin da suka kai lamba 40 ko 50, rajista ta ce ita ba ta ba da waɗannan lambobin ba tukuna, sai teburin ya nuna maka wayam alhali fayiloli na nan jibge. Wannan da sauƙi, don ka gani da idonka. Mafi muni shi ne a ci gaba da rubutu a teburin a haka: lambobinsa suna hawa, tsofaffin takardu suna shigowa cikin izini ɗaya bayan ɗaya, takardun gogewa na can suna iya faɗawa kan layukan nan da suka yi tarayya da su a shaida. Lissafi ya riƙa canzawa ba wanda ya taɓa shi.

Maganin, a ganina, magana ɗaya ce, sauran duk hanyoyin aiwatar da ita ne. Kada ka ɗauki takardun ƙusa ka kai wani gari. Sa magatakardan garin da aka rubuta su ya zauna ya karanta, ya fitar maka da tsabtataccen lissafi a sabuwar takarda, ita za ka ɗauka. Wato a karanta teburin ta hannun Hive a gungun asali, inda rajistar da ta san tarihinsa take, sakamakon karatun shi ne zai yi tafiya.

Haka ma masu gina Hive suka yi da suka koya wa EXPORT aiki da cikakken teburin ma'amala a zubi na 3. Idan ka ba da umarnin, a ɓoye takan gina wani tebur na wucin gadi wanda ba na ma'amala ba, ta karanto na ainihin ta zuba a ciki, gogaggun layuka da sokakkun rubutu duk sun zube a hanya, sannan ta fitar da na wucin gadin. A ɗaya gefen IMPORT ya shigar da kayan a matsayin sabon rubutu, da sabuwar lamba daga sabuwar rajista. Wannan yana da tsada, kuma gara a sani tun da wuri: aikin karatu ne cikakke, ba kwafe fayil kawai ba, yana cin lokaci, yana kuma buƙatar fili da zai ɗauki kwafi na biyu na teburin.

Wanda ke kan tsohon zubi, ko yake ƙaura tsakanin zubi biyu mabambanta, zai iya yin wannan da hannunsa, kuma ni ita na fi natsuwa da ita domin kowane mataki a fili yake. A gungun asali ka gina teburin waje, wato wanda Hive ba ta mallaki fayilolinsa ba, kuma ba na ma'amala ba, a tsarin ORC ko Parquet, ka zuba masa abin da umarnin karatu na SELECT ya karanto. Ka kwashe foldarsa da DistCp. A sabon gungu ka ɗora teburin waje a kan foldar, ka gina teburin ma'amala fanko, ka zuba daga wannan zuwa wancan da umarnin shigarwa na INSERT. Bambancin zubi ba ƙaramin abu ba ne a nan, domin yadda Hive 1 da 2 ke rubuta takardun gyara ya saɓa da na Hive 3. Shi ya sa ko ɗaga darajar gungu ɗaya za a yi daga 2 zuwa 3, ana buƙatar a fara yi wa teburan da aka taɓa gyara ko goge layi a cikinsu babbar dunƙulewa.

Wasu za su ce, to a yi babbar dunƙulewa mana, a jira mai shara ya gama, sai a kwafe base ɗin kaɗai. Ta rage haɗari, ban musa ba. Amma fayilolin base har yanzu suna ɗauke da ɓoyayyun ginshiƙan shaida, sunan foldar yana ɗauke da lambar tsohuwar rajista, kuma duk rubutun da ya shigo tsakanin dunƙulewa da kwafewa ya sake buɗe ƙofar. Ba na ba wa wanda nake koya wa aiki shawarar bin ta. Idan kuma buƙatar ba ƙaura sau ɗaya ba ce, ana son gungu na biyu ya riƙa bin na farko a kai a kai don shirin ko-ta-kwana, akwai umarnin REPL DUMP da REPL LOAD, waɗanda a sababbin zubi suke tafiya da labarin ma'amalolin kansu, ba fayil kaɗai ba. Wannan darasi ne mai zaman kansa.

Akwai wani nau'in da ke yaudarar mutane: teburin ma'amala na zubawa kaɗai, wanda ba a gyara layi ko goge shi, kuma ba dole sai ORC ba. Da yake fayilolinsa na yau da kullum ne, sai a ɗauka ba komai. Amma shi ma yana da foldojin delta, shi ma rubutunsa yana iya mutuwa a hanya. Irin bashin kawuna zai iya ninkuwa a cikinsa daidai wa daida.

Bayan kaya sun isa, aiki bai ƙare ba. Abu na farko shi ne a san lokacin da aka ɗauki hoton. Idan yaran awo suna ci gaba da shigar da riɗi a Gumel da Gagarawa alhali ana fitar da tebur, duk abin da ya shigo bayan an fara karatun ba ya cikin kayan. Ko dai a tsayar da rubutu, ko a rubuta iyakar a fili a dawo a kwaso ragowar. Mu yanzu da daddare muke yi, kuma ba ma kusantar ranakun manyan kasuwanni, Alhamis ta Maigatari ko Lahadi ta Gujungu. Na biyu shi ne ƙirga, kuma ba jimillar layuka kaɗai ba. A ƙirga kashi-kashi, rana-rana, a haɗa jimillar buhuna da ta kuɗi a gefe biyu a gwada. Da mun yi wannan ƙirgar a ranar ƙaurar, cikin minti kaɗan za mu ga cewa rana ɗaya ta kumbura. Mun dogara ne da cewa DistCp ta ce fayiloli sun iso lafiya, kuma gaskiya ta faɗa, ba ko harafi da ya ɓace. Ita aikinta kwafe fayil ne, ba ta san wanne ne matacce ba.

Sai a duba agogo. Najeriya tana gaban lokacin UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, kuma yadda ake fassara ginshiƙin lokaci yana iya bambanta tsakanin zubi da zubi, musamman a Parquet, ko tsakanin gungu biyu da aka saita wa yankin lokaci daban. Awa ɗaya kamar ba komai, amma abin da aka shigar da ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare zai koma jiya, lissafin rana ya ƙi haɗuwa da na takarda. Ni nakan zaɓi layuka kaɗan da na san ainihin lokacinsu in duba su da ido a sabon gungu.

Abu biyu kuma da nake jin tsoronsu fiye da sauran. Teburin ma'amala tebur ne da Hive ke riƙe da shi kacokan, idan ka ce DROP, wato umarnin rushe tebur, ba rajista kaɗai take gogewa ba, har fayilolin take kwashewa. Kada a taɓa tsohon tebur sai sabon ya yi kwanaki yana aiki an gamsu. Sannan foldar da aka fitar ba ta tafiya da katangar da ke kewaye da teburin. Dokokin wane ne zai ga wane ginshiƙi suna can a gungun asali. Abin da ke cikin foldar tsirara yake: sunayen manoma, lambobin wayarsu, ƙauyukansu, bashin da ke kansu. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da irin wannan nauyin tsare shi, kuma ko ba doka, mutumin da ya ba ka lambarsa don ya sami taki amana ya ba ka. A kulle foldar tun kafin a fara zuba mata kaya, a goge ta da an gama.

Gyaran namu ya ci kwana uku. Sa'ar da muka yi ita ce tsohon gungu yana nan ba a rushe shi ba, rajistarsa kuma tana sane da komai. Daga can muka sake karanto bashin daminar, muka gwada da na sabon gungu, muka ware ninkakkun layukan, muka goge su ta hannun Hive. Waɗanda aka riga aka cire wa riɗi fiye da ƙima aka bi su ƙauye-ƙauye aka mayar musu, shugabanmu na yanki ya je da kansa ya ba masu unguwanni haƙuri. Ranar Lahadi da safe na fitar da sabuwar takardar kawu na kai masa gona, inda suke kaɗe ragowar riɗin a kan tamfol. Ya sa yaronsa ya karanta masa sau biyu, buhu huɗu, ya ninke ta ya sa a aljihu. Sai ya ce, "To, na maƙwabcina fa? Shi ma ranar ya karɓa." Na ce, "Kawu, tasa ma tana cikin jakata, daga nan wurinsa zan wuce."